Gilashin da Ya Iya Fashewa

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda aka yi hatsarin mota, ko ya ratsa gareji ya dubi motocin da aka jawo, ya ga wani abu da ido ya saba da shi har ya daina tambaya a kansa. Gilashin gaba yakan tsattsage kamar saƙar gizo-gizo, ya lotsa, amma ya tsaya a mazauninsa. Na ƙofa kuwa ba ya tsayawa tsagewa. Ko dai ka same shi lafiya lau, ko kuma ka tarar babu shi, sai tarin 'yan tsakuwoyi masu ƙyalli a kan kujera da bakin titi, kamar an watsa ƙanƙara.

Yawancinmu mun ɗauka na gaba shi ne mai ƙwari, na gefe kuma an sa shi ne kawai don tare iska da ƙura, saboda haka ko me aka liƙa a gurbinsa ya wadatar. Alhali falle da falle, na ƙofa ya fi na gaba ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma wannan rugurgujewa da yake yi tana cikin aikin da aka ƙera shi dominsa. Wanda ya je sayen gilashin ƙofa, ko ya sani ko bai sani ba, rabin kuɗinsa na tafiya ne a kan irin fashewar da gilashin zai yi wata rana.

Abin da ya sa na zauna na bi diddigin wannan magana shi ne akori-kurar gidanmu. Toyota Hilux ce mai ƙofa biyu, cikin jerin waɗanda aka ƙera tsakanin 2004 da 2015. Ni da ƙanina muka haɗa kuɗi muka saye ta hannu na biyu. Shi ke tuƙi, ni ke riƙe da lissafi. Da rani aikinta ɗaya ne: ɗauko kwandunan tumatir daga Kadawa da Kwanar Gafan zuwa kasuwar 'Yankaba a Kano. Tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Motar da ta wuni a gareji, lodinta wani ne zai ɗauka, kuma ba lallai manomin ya sake kiranka gobe ba.

Wata asuba cikin Janairu, a ƙaramar hanyar da ke fitowa daga gonaki zuwa babban titin Zariya, wata tifa ta gifta shi, tayarta ta harbo dutse. Tun 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, direba na zaune ne a hagu, wato tagarsa ce ke fuskantar duk abin da motar da ke tahowa ta watso. Ya ce ya ji ƙara kamar an harba bindiga, ya duba ya ga cinyarsa cike da ɓarɓashin gilashi. Da ya kira ni, abin da ya fara cewa shi ne, “Yaya, gilashi ya tafi, amma ni lafiyata ƙalau.” Iyakar abin da ya same shi 'yan karce uku ne a dantse. Gilashin da ya tarwatse taƙi ɗaya daga wuyansa da idonsa bai yi masa abin da ya fi ƙayar aduwa ba. Ya naɗe fuska da rawani saboda sanyi, ya kai lodi, ya liƙa leda da salatif ya dawo gida.

Leda ba ta kai mutum ko'ina. Tana dusashe madubin gefe, tana kaɗawa da ƙara, ga shi dole a ɓalle ta a kowane shingen bincike, kuma motar da ke da leda a taga ba a kulle take ba ko da an murɗa makulli. Washegari sai neman gilashi.

Abin da aka ɗaure a cikin falle ɗaya

Gilashi abu ne mai hali biyu. In ka danne shi, yana jure nauyin da zai ba ka mamaki. In ka ja shi ko ka lanƙwasa shi, nan da nan ya ba da kai. Dalili shi ne babu fuskar gilashin da ba ta da 'yan tsage-tsage ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Wani injiniyan Ingila, A. A. Griffith, ya bayyana wannan a farkon shekarun 1920, amma duk mai sayar da yadi a Kantin Kwari ya san shi a aikace. Yadin da ƙarti biyu ba za su iya yagawa ba, in aka ɗan ciji bakinsa da almakashi, yaro ma sai ya raba shi biyu da ja ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka mai yanka gilashin gida ke yi: ya ja siririn layi, ya karya a kan layin.

To, ja ne ke buɗe tsaga, matsi kuma ke rufe ta, kamar fason diddige da ke buɗewa in an taka, ya haɗe in an matse shi da hannu. Dabarar masu ƙera gilashin mota ita ce su sa fuskar gilashin ta zauna cikin matsi na dindindin. Sukan fara yanka shi daidai siffar tagar, su goge gefunansa, su huda shi in ana bukatar huda. Sai su shigar da shi tanderu ya haura digiri 600 a ma'aunin Salshiyos, ya yi laushi, su lanƙwasa shi daidai kumburin ƙofar. Daga nan su hura masa iska da ƙarfi ta fuskokin biyu lokaci guda. Fuskokin su ke fara sandarewa, cikin kuwa yana nan da zafinsa, kamar yadda saman tuwo ke yin ɓawo alhali ciki na turiri. Sannu a hankali cikin ya huce, kuma duk abin da ya huce sai ya tsuke. Amma yana manne da ɓawon da ya riga ya daskare, don haka yana tsukewa yana janyo ɓawon yana matse shi. A ƙarshe sai a sami falle ɗaya wanda bayansa ke matse, cikinsa kuma ke miƙe tamkar tsirkiyar baka.

Wannan ɓawo mai matsi yakan kai kimanin kashi ɗaya cikin biyar na kaurin gilashin ta kowace fuska. Kafin duka ya iya buɗe tsaga, sai ya fara cinye matsin nan gaba ɗaya. Shi ya sa gasasshen gilashi, kamar yadda zan riƙa kiransa, ya ninka na gida ƙarfi sau huɗu zuwa biyar, ko da yake kaurinsa bai wuce milimita 3 zuwa 5 ba. Ƙato na iya naushinsa a tsakiya, hannunsa ne zai ji jiki. Amma ranar da wani abu mai tsini da tauri ya huda ɓawon ya isa cikin da ke miƙe, duk ƙarfin da aka ɗaure tun ranar gashi sai ya kwance lokaci guda. Tsagar na gudun kimanin mita 1,500 a sakan ɗaya, tana tafe tana rassa, rassan na sake rassa, har tagar gaba ɗaya ta zama 'yan guntaye kamar ƙwayar masara, marasa dogon kaifi, cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

Abubuwa biyu ke biyo bayan wannan bayani. Na farko, gasasshen gilashi ba ya gyaruwa: ba a like shi, ba a cike tsagarsa yadda ake yi wa na gaba. Na biyu, ba a yanka shi, ba a huda shi, ba a rage masa gefe. Duk wanda ya ɗora masa abin yanka, tsakuwa zai kwasa. Wani lokaci ma shi kaɗai yake fashewa, mota na ajiye babu wanda ya taɓa ta, a kwana ana zargin yaran maƙwabta. Yawanci wata tsohuwar ɓantara ce a gefensa ta ci gaba da ci; jefi-jefi kuma wata ƙwayar datti ce ta nikel da farar wuta da ta maƙale a ciki tun a masana'anta, take kumbura a hankali har ta tsinka tsirkiyar.

Daga abin wasan fada zuwa ƙofar mota

Dabarar ta girmi mota da ƙarnuka. A 1660 Yarima Rupert ya kai wa Sarki Charles na Biyu na Ingila wasu 'yan gilasai masu siffar talibambam, waɗanda ake samu in aka ɗiga narkakken gilashi cikin ruwan sanyi. Kan talibambam ɗin na jure dukan guduma, amma in aka tsinke bakin wutsiyarsa sai duka ya zama gari. Sarki ya miƙa su ga ƙungiyar masana kimiyya ta Landan a 1661 domin su gano sirrin. A 1874 wani Bafaranshe, François de la Bastie, ya karɓi takardar mallakar fasahar tsoma gilashi mai zafi cikin mai domin ya yi tauri, kwatankwacin yadda maƙeri ke tsoma jan ƙarfe a ruwa. A 1929 kamfanin Saint-Gobain na Faransa ya fito da gasasshen gilashi da sunan Securit.

Motocin farko da gilashin gida aka yi musu tagogi, kuma shi gilashin gida in ya fashe dogayen wuƙaƙe yake zama. Mutane da yawa sun tsira daga karo, gilashi ya yi musu illa. Wani Bafaranshen kuma, Édouard Bénédictus, ya karɓi takardar mallakar wata dabarar daban a 1909: a manne falle biyu na gilashi da siririn shimfiɗin roba a tsakaninsu, ta yadda ko sun tsage robar na riƙe da su. Jikan wannan dabara shi ne gilashin gaba na yau.

Aka raba musu aiki. Na gaba dole ya tsaya ko ya tsage, domin direba ya ci gaba da ganin hanya, kuma kada a cillo mutum waje. Na ƙofa kuwa yana hawa yana sauka, gefensa na sama a fili yake, ana buga ƙofa da shi sau dubbai, saboda haka yana bukatar ƙarfi. Ranar da mota ta kife ko ƙofa ta ƙi buɗuwa, ana so ya kauce gaba ɗaya ya bar hanya, ba tare da ya yanka wanda ake zarowa ba.

A kasuwa

Tayin farko da na samu daga wani mai yanka gilashi ne a bakin titi. Ya dubi tagar, ya auna da tef, ya ce, “Yallaɓai, ba sai ka wahala ba. Ina da tsohon gilashin gaba na bas, yanzu na yanko maka, kafin azahar ka tafi.” Kuɗin da ya faɗa bai kai sulusin abin da na biya daga baya ba. Sana'arsa ke nan, kuma yana da gwaninta: yakan ja layi ta fuskokin biyu, ya karya, ya ɗumama robar tsakiya ya yanke ta. Sai dai maganar tasa ta riga ta faɗa mini abin da nake bukatar sani. Duk gilashin da za a iya yankawa a gabanka ba gasasshe ba ne.

Falle biyun da ke cikin gilashin gaba ba a gasa su irin gashin na ƙofa ba, kuma lanƙwasarsu ta gaban bas ce, ba ta ƙofar Hilux ba. In aka tilasta shi cikin ƙofa zai riƙa gogar roba, ya wahalar da injin ɗaga gilashi, ya tsage a bugun ƙofa na farko mai ƙarfi, ruwa kuma ya shiga ta yankakken gefen ya raba fallayen. Wanda ya fi wannan muni shi ne gilashin gida da akan yanka wa tsofaffin motoci masu miƙaƙƙun tagogi. Shi kam mayar da mota ne zamanin da ake mutuwa da yankan gilashi. Akwai kuma farar roba mai kama da gilashi: ba ta yanka, amma tana karcewa, rana na dusashe ta, kuma ba ta fasuwa ranar da ake son ta fasu. Na yi masa godiya na wuce Ƙofar Ruwa.

A can, kafin dattijon da ke shagon ya motsa daga kujerarsa, sai da ya yi mini tambayoyi huɗu: wace shekara, ƙofa biyu ko huɗu, na hannu ne ko na lantarki, hagu ko dama. Ta ƙarshen ta fi yadda take a ido muhimmanci. Ana ƙera Hilux a Tailan da Afirka ta Kudu, ƙasashen da direba ke zama a dama, saboda haka “gefen direba” a wurin wanda ya ɓalle kayan a can shi ne gefen fasinja a nan. Hagu da dama kuwa ba sa canzawa. Wanda zai iya, ya tafi da lambar jikin motar, ko ya ɗauki hoton ɗaya tagar da tambarinta.

Ya fito da iri biyu, ya kuma ambaci na uku. Akwai ɗan Beljiyam, wato wanda aka ciro daga motar da ta gama aiki a waje. Sunan ya samo asali ne daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp, inda ake lodin tsofaffin motoci da kayansu zuwa Legas da Kwatano. Akwai sabo na wasu kamfanoni, galibi daga Sin. Akwai kuma na kamfanin motar, wanda sai an aika an kawo, kuɗinsa kuma ya ninka. Kowanne cikin ukun nan na iya zama mai kyau, domin gashi ba ya tsufa: gilashin da aka gasa shekara goma sha biyar da suka wuce yana nan ɗaure yadda aka ɗaure shi. Abin dubawa shi ne shaida.

Shaidar na nan a kusurwar ƙasa, 'yan rubuce-rubucen da kowa ke gani ba ya karantawa. Kalmar Tempered ko Toughened na nufin gasasshe. A motocin Jafan sau da yawa za a ga Temperlite, sunan da kamfanin Asahi ke sa wa nasa. Laminated ko Lamisafe na nufin mai falle biyu. Harafin E cikin da'ira tare da lamba na nuna ƙasar da ta gwada gilashin ta amince da shi, ba lallai inda aka ƙera shi ba: E1 Jamus, E2 Faransa, E6 Beljiyam, E43 Jafan. Rubutun 43R na nuni ga ƙa'ida ta 43 cikin ƙa'idojin motoci na Majalisar Ɗinkin Duniya. Cikin gwajin da ƙa'idar ta shimfiɗa, ana sako wa gilashin ƙwallon ƙarfe mai nauyin giram 227 daga tsayin mita 2, dole ya jure. Sannan a fasa shi da gangan a ƙirga guntayen: a kowane fili mai faɗin santimita 5 da tsawon santimita 5, kada su gaza 40. Wato har yawan tsakuwar da ta cika cinyar ƙanina akwai hukumar da ta ƙayyade shi. A tsarin Amurka kuma za a ga DOT da lambar masana'anta, da AS1 a gilashin gaba, AS2 a na gefe.

Tambarin gaske a jikin gilashin yake, an gasa shi tare da shi ko an zana shi ciki; farce ba ya kankare shi. Wanda ke da tabarau irin mai tace ƙyallin rana, in ya ɗaga gilashin sama ya duba, zai ga wasu tabo-tabo a jere kamar zanen damisa. Sawun bututun iskar da suka hura shi ne, kuma gilashin gida ba shi da su. Na zaɓi ɗan Beljiyam. Dattijon ya kama yatsana ya bi da shi gefen gilashin kaf, ya ce, “Malam, tsakiya ba ta kashe gilashi. Baki za ka duba. In ka ji ɓantara ko kamar ƙwayar gero ce, ajiye shi.” Muka duba 'yan kunnuwan ƙasa guda biyu da ake ɗaure shi da su, suna nan daram.

Abin da ke cikin ƙofa

Ƙofar mota akwati ce. Tsakanin ƙarfen waje da marfin ciki akwai injin ɗaga gilashi, da sandunan makulli, da hanyoyi biyu na roba da gilashin ke bi, ɗaya gaba ɗaya baya. Mai gyaran da na kai wa ya manyanta, kuma cikin awa ɗaya da rabi da ya yi yana aikin, sa gilashin kansa bai ci minti goma ba.

Ya fara da cire mariƙin da ake juyawa. Wani ɗan ƙarfe mai kama da kofaton doki ke riƙe da shi ta baya. Ya zura gefen tsumma a tsakani ya ja hagu da dama, ƙarfen ya fito. Ya kwance sukurorin da ke bayan hannun buɗe ƙofa da wurin ɗora gwiwar hannu, ya bi gefen marfin yana ɓalle maɓallan roba ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗaga shi sama ya cire. A ƙarƙashi akwai wata leda da aka manne da baƙin danƙo. Yaronsa ya kai hannu zai fizge ta, ya buge hannun. Ledar nan tana da aiki. Babu tagar da ke hana ruwa shiga ƙofa ɗari bisa ɗari; ruwan sama na bin gilashi ya gangara ciki, ya fita ta wasu 'yan ramuka a gindin ƙofar. Ledar ce ke hana shi jiƙa marfin ciki da wayoyi. Ya ɓanɓare ta a hankali ya naɗe ta gefe.

Sai shara, wadda ita ce mafi yawan aikin. Rabin tsohon gilashin na kwance a gindin ƙofar, kuma maganaɗisu ba ya kama gilashi. Da safar hannu da ɗan buroshi ya riƙa kwasowa, ya tsokane ramukan ruwan da waya har suka buɗe. In aka bar ɓarɓashin nan, zai riƙa kacau-kacau a kowane rami na hanya, ya toshe mafitar ruwa, damina ɗaya ta isa ƙofar ta fara tsatsa daga ƙasa. Ya zaro robar hanyoyin ya kakkaɓe ta, ya bi cikinta da tsinke. “Malam,” in ji shi, “tsohon gilashi shi ke cin sabo. Ƙwaya ɗaya ta maƙale a nan, kullum ka ɗaga sai ta ja masa layi.” Na ce, “Baba, layi ɗaya har ya isa?” Ya ce, “Ai kai ma ka ga abin da dutse ɗaya ya yi.”

Injin namu irin mai almakashi ne: ƙarafa biyu a gicciye, haƙori na tura su su buɗe ko su rufe. Wasu motocin da igiyar waya suke aiki. Ya mayar da mariƙin ya juya har sandar da ke ɗaukar gilashi ta zo daidai wasu ramuka biyu da aka bari a jikin ƙofar, ya zura sifana mai lamba 10 ya kwance notin da ke riƙe da ragowar tsofaffin kunnuwa. A mota mai lantarki ma haka ake yi, sai dai a kawo injin daidai ramukan da maɓalli, sannan a zare wayarsa kafin a zura hannu, domin almakashin nan ba ya bambance gilashi da yatsa.

Sabon gilashin ta sama ya shiga, a karkace, goshinsa na gaba na kallon ƙasa. Da ya nutse rabi sai ya juya shi ya daidaita, gefensa na gaba da na baya suka faɗa cikin hanyoyinsu, kunnuwan suka sauka a kan sandar. Ya ɗaura notin sako-sako, ya ɗaga gilashin har sama domin ya nemi mazauninsa da kansa cikin robar, ya sauko da shi, sannan ya ƙara ɗaurewa, ba tare da ya danne da ƙarfinsa duka ba. Gilashin da aka ɗaure a karkace, ko aka matse fiye da kima, yana zaune ne cikin wahala, kuma wata rana zai fashe babu dalilin da ido zai gani. Ya shafa giris a haƙoran injin, amma a robar ya fesa silikon. Baƙin mai na kumbura roba, ya kuma tara ƙura ta zama kamar yashi. Ya ɗaga ya sauke sau biyar yana saurare, ya mayar da ledar ya danne danƙonta, ya rufe marfin. Daga ƙarshe ya watsa ruwan buta a tagar, muka sunkuya muka ga yana ɗiga ta gindin ƙofar, inda ya kamata.

Abu biyu da ya kamata a sani

Ɗan Beljiyam wani lokaci yakan zo da baƙar leda a manne. A Nijeriya akwai dokar 1991 da ta hana amfani da gilashi mai duhu sai da izinin 'yan sanda, kuma ƙa'idojin Turai da Amurka sun ce tagar gefen direba ta bar aƙalla kashi 70 cikin 100 na haske ya wuce. Mai akori-kura da ke tafiyar asuba ya fi kowa bukatar ganin madubinsa. A ɓanɓare ledar tun kafin a sa gilashin ya fi sauƙi.

Na biyu, ba kowace mota ce ke da gasasshen gilashi a ƙofa ba yanzu. Wasu sababbi na zuwa da mai falle biyu a gefe, wanda masana'anta ta ƙera domin ƙofar, saboda rage ƙara da hana cillo mutum waje in mota ta kife. A 2019 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta ce kusan ɗaya cikin uku na samfuran motocin 2018 a can na da irin wannan, kuma 'yan gudumomin fasa taga da ta gwada babu wanda ya iya fasa shi. Da yawa daga motocin nan a hanyoyinmu suke ƙarewa. Saboda haka abin da aka cire shi ake mayarwa, iri da iri, kuma ya kamata mai mota ya san wace taga ce a motarsa za ta fasu in ruwa ko wuta ta ritsa da shi. In gasasshe ne, a kusurwa ake dukansa da abu mai tsini, ba a tsakiya ba.

Ana cewa araha ba ta ado, amma a nan ba ado ne abin ji ba. Gilashin kirki da yankakken na bas duka ana ganin waje ta cikinsu, duka suna tare iska, kuma mota na iya shekara biyar bambancin bai bayyana ba. Ranar da zai bayyana kuwa, sau da yawa wanda ya yi cinikin ba ya cikin motar. Direba ne, ko yaron mota, ko tsohuwar da aka rage wa hanya ta jingina kai da taga tana gyangyaɗi. Su ba a shawarce su a kasuwa ba. Mai karatu, in ka isa wurin motarka, ko wadda kake hawa kullum, sunkuya ka karanta 'yan haruffan da ke kusurwar kowace taga. In ka tarar da tagar da ba ta da ko ɗaya, tambayi mai motar daga ina ta fito.